Amsoshin Wasiƙunku: Me Ke Hana A-kori-kura Mai Gas Tashi In Ta Yi Zafi?

Wasiƙarmu ta yau daga wani ɗan kasuwar hatsi take, mai kai kaya Dawanau. Ya ce a-kori-kurarsa Hilux mai shan gas da asuba bugu ɗaya take tashi, amma in ya yi tafiya ya kashe ta, sai ta ƙi, sai ta huce. Har ya canza hita, a banza.

To malam, kuɗin hita kam sun tafi. Aikinta ɗumama injin da ya kwana cikin sanyi, injin da ya yi zafi ba ruwansa da ita.

Abu na farko, kasa kunne lokacin da ka murɗa makulli. In ka ji kik yana juya injin da ƙyar, kamar mai jin barci, to laifin na wuta ne. Injin gas ba shi da fulogi, iska yake matsewa har ta yi zafin da za ta kunna mai, don haka dole ya juya da sauri. Kik ɗin da ya tsufa ƙarfinsa raguwa yake in ya sha zafi. A duba kan batir, a kankare tsatsa, a ɗaure wayar da ta haɗa batir da jikin mota, sannan a kwance kik a ga gawayinsa.

In kuwa injin yana juyawa garau amma bai kama ba, duba salansa. Babu hayaƙi ko kaɗan? Mai ne ba ya isa. Fara da mai araha: danna ɗan famfon hannu da ke kan filta har ya yi tauri. In ta tashi, iska ke shiga ta tiyon da ya tsage, ko filta ta toshe. Akwai kuma 'yar waya mai zuwa kan injakta, wadda ke buɗe hanyar mai. Sa yaron mota ya murɗa makulli, kai ka saurara, ya kamata ka ji ƙas.

Amma yadda ka bayyana, mun fi zargin injaktar kanta. A tsofaffin injuna irin su 2L da 3L da 5L, akwai wani ɗan ƙarfe a cikinta mai tura mai zuwa nozul. In ya cinye, da safe mai yana da kauri, yana iya tura shi. Da rana kuwa mai ya tsinke, sai ya riƙa zurarewa ta gefe. Gwajin ba wuya: jiƙa tsumma ka ɗora a kan injakta wajen da bututai huɗu suka fito, ka ba ta 'yan mintoci. In ta tashi, ka kama ɓarawo. Kada dai ka sheƙa mata ruwan randa, ƙarfe mai zafi yana iya maƙalewa. Gyaran nan sai masu injakta da ke da na'urar gwaji, ba na gindin bishiya ba ne.

Me ke cinye ta? Galibi gas ɗin bumburutu da aka surka da kananzir, ko mai ruwa da ƙura. Gas shi ne man shafawar injakta, kananzir kuwa ba shi da wannan santsi.

Masu Hilux D-4D irin ta 2005 zuwa sama, ku naku daban ne. Nozul mai mayar da mai da yawa tanki, ko sansar da zafi ya taɓa, su ake fara nema, kuma sai an sa kwamfuta.

Kafin ka kai ta gyara, kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 a bugu ɗaya, kik zai ƙone. Wannan ɗabi'a ta zuba fetur a bakin iska kuma, don Allah a bari, tana fasa fistin.