Yadda Kwamfuta Ta Ke Ƙidayar Kalmomi

Ɗalibin da ya fara koyon wani harshe ya kan so ya san kalmomin da aka fi yawan amfani da su, don ya soma haddace su tukuna. A da, in ana son sanin haka, sai malami ya zauna da littafi da tarin 'yan katuna, kowace kalma da katinta, yana yi mata zane ɗaya duk sa'ad da ya gamu da ita. Aikin ya kan ci watanni. Yanzu kuwa kwamfuta ta kan gama shi nan da nan, muddin an rubuta mata umarni daidai.

Ƙidayar layuka ita ce mafi sauƙi. A ƙarshen kowane layi na fayil akwai wata alama wadda ido ba ya gani, ita kwamfuta ta ke ƙirgawa. Kalma kuwa, a wurinta, duk wani jerin baƙaƙe ne wanda fili ya raba shi da na kusa da shi. Tun shekarar 1971 tsarin Unix ya ke da ɗan umarni mai suna wc, wanda ya ke yin wannan aiki.

Sanin sau nawa kowace kalma ta fito ya fi wuya. A shekarar 1986 Jon Bentley ya roƙi Donald Knuth na Jami'ar Stanford, a Amurka, ya rubuta umarnin da zai fid da kalmomin da suka fi yawa cikin fayil. Knuth ya rubuta nasa mai shafi wajen goma. Da Douglas McIlroy ya duba shi, sai ya yi aikin da umarni shida kawai. Da fari a sa kowace kalma a layinta. Sa'an nan a mai da manyan baƙaƙe ƙanana, don kada "Gida" da "gida" su zama kalma biyu. Sai a jera su bi da bi, iri ɗaya su haɗu wuri guda, a ƙirga kowane gungu. Daga nan a sāke jera su bisa yawansu, a ɗebi na sama.

In an yi haka, sai a ga abin da George Zipf na Jami'ar Harvard ya bayyana cikin littafinsa na 1949, watau kalma ta biyu ta kan fito kamar rabin yawan ta fari, ta uku kuma kamar sulusinsa. A Turanci "the" ce ta ke kan gaba. A Hausa kuwa 'yan ƙananan kalmomi ne, irin su "da", "a", "ya".

Amma fa mai aiki da rubutun Hausa sai ya yi hattara. Umarnin McIlroy baƙaƙen Turanci kaɗai ya sani, duk wata alama dabam ya ɗauke ta kamar fili. Saboda haka "ƙasa" ta kan koma "asa", "ɗaki" ya koma "aki". Kalmar "'ya'ya" kuwa sai ta tsinke ta zama "ya" sau biyu, lissafin "ya" ya hau ba bisa gaskiya ba. Maganin abin shi ne a sa ɓ da ɗ da ƙ da alamar hamza cikin baƙaƙen da aka gaya wa kwamfuta.

Akwai kuma abin da ba ta iya rabewa ita kaɗai. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "gari" na mutane da "gari" na tuwo duk ɗaya ne a wurinta. Tsofaffin littattafai kuma sun raba "ya ke", na yanzu sun haɗa "yake". Ɗalibin da ya sami irin wannan jeri, ya kamata ya koma cikin littafin ya duba kalmomin a jimlolinsu kafin ya soma hadda.