Shin Ɗa Yana Gadon Zunubin Uba?

A kasuwar hatsi ta Dawanau fatakenmu suna cuɗanya da abokan ciniki Kirista, har hira takan kai ga addini. Ya kamata mu sani cewa malamansu ma sun daɗe suna jayayya a kan zunubin gado.

Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya ce laifin Adamu ya gangaro cikin zuriyarsa duka. Filajiyus ya musa, ya ce ana haihuwar jariri ba shi da laifi. Taron Kartaj na shekarar 418 ya yi watsi da ra'ayin Filajiyus.

To, in ɗabi'ar mutum ta gurɓace, wace ɗabi'a Isa ya ɗauka? Taron Kalsidon na 451 ya ce ɗabi'u biyu gare shi, ta allantaka da ta mutuntaka marar zunubi. Kibɗawan Masar suka ƙi wannan lafazi.

Mu kuwa, Suratul Baƙara ta sanar da mu cewa Annabi Adamu ya tuba, Allah Ya karɓa. Isa, alaihis salam, bawan Allah ne kuma ManzonSa. Ko bashin mamaci daga dukiyarsa ake biya, ba a ɗora wa magada. Mu yi muhawara da ilmi da ladabi. Allah Ya shiryar da mu, amin.