Yadda Katolika Suka Buɗe Wa Kurame Da Musakai Ƙofar Karatu

Bayan haka, akwai wata mas'ala wadda ta daɗe tana damun malaman Katolika. Yaron da aka haifa kurma, ko bebe, ko kuwa hankalinsa bai kai na tsararsa ba, ta ƙaƙa za a karantar da shi addini, kuma ko ya halatta a ba shi Jibin Ubangiji? Shi Jibin nan gurasa ce wadda limaminsu yakan ba su a lokacin ibada. Wanda aka hana wa, kamar an tsai da shi a zaure ne alhali jama'a suna cikin gida.

Asalin wahalar kuwa, a da karatunsu tambaya ce da amsa, a haddace, a biya wa malami. A shekarar 1910 Fafaroma Pius na 10 ya yanke hukunci cewa idan yaro ya kai kamar shekara 7, ya iya rarrabe wannan gurasa da ta kasuwa, to ya isa a ba shi. Amma wanda ba ya iya faɗi da baki fa? Waɗansu limamai sai su ce wa iyayensa a dakata, dakatawar da ba ta da rana.

A shekarar 2007 Fafaroma Benedict na 16 ya rubuta cewa a ba masu raunin hankali gwargwadon iko, bisa ga bangaskiyar iyalinsu da jama'ar da ke riƙe da su. Sa'an nan a 2020, zamanin Fafaroma Francis, fadar Batikan ta fid da sabon littafin jagora ga masu karantarwa. A ciki aka bayyana cewa ba mai ikon hana musaki waɗannan ibadu, har ma aka so su kansu su zama malamai. Aka kuma ambaci fursunoni da 'yan gudun hijira.

Tun kafin wannan, wani mutumin Afirka ta Kudu, Cyril Axelrod, ya riga ya nuna abin yana yiwuwa. An haife shi kurma a 1942 a gidan Yahudawa, ya shiga Katolika, aka naɗa shi limami a 1970. Ya yi wa kurame baƙar fata hidima a zamanin mulkin wariyar launin fata, ya tafi Makawo wajen ƙasar Sin ya ci gaba da aikin. Daga baya ya makance, ya koma Ingila a 2000, sai a tafin hannunsa ake yi masa magana da yatsu, amma bai bar karantarwa ba.

To, umurni a takarda daban, cika shi daban. Garin da ba shi da malamin da ya iya maganar hannu, kurmansa yana nan a zaure har wa yau. Tamat.