Filanja da Amon Jitar Lantarki: Yadda Take Aiki da Yadda Ake Zaɓenta

Kunnen Bahaushe bai saba da amo tsura ba. Duk wanda ya lura da kayan kiɗan gargajiya zai ga cewa maƙeransu kan ƙara musu wani abu da zai sa sautin ya yi zuga ko ƙara: tsirkiyar da ake giciyawa a kan fatar ganga, da ƙaramin ƙarfe mai zobba da ake maƙalawa a wuyan garaya, har ma da kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wata na'ura ta Turawa mai yin irin wannan aiki ga jitar lantarki, wadda ake kira filanja, a kuma nuna abin da ya kamata makaɗi ya lura da shi in yana neman amon nan na kiɗan da aka sani da bayan-fank.

Asalin abin daga ɗakin ɗaukar sauti yake. Akan ɗauki waƙa guda a ɗora ta a kan rakoda biyu masu faifan zare, a kunna su lokaci ɗaya, sa'an nan injiniya ya dafa yatsa a leɓen faifan ɗaya daga cikinsu don ya rage masa gudu kaɗan. Da sautin biyun suka haɗu, ɗaya yana bin bayan ɗaya da ɗan ƙiris, sai a ji wani huci yana hawa yana sauka kamar jirgin sama na wucewa. Daga sunan wannan leɓe na faifai a Ingilishi aka samo sunan na'urar. An ji wannan amo a waƙar "The Big Hurt" ta Toni Fisher a 1959, da "Itchycoo Park" ta ƙungiyar Small Faces a 1967, da kuma faifan Jimi Hendrix na wannan shekara. Amma a lokacin ba shi yiwuwa a yi shi a dandali, don ba wanda zai ɗauko rakoda biyu ya kai gidan rawa.

Abin da ke faruwa a nan yana buƙatar a ɗan dakata a kansa. Sauti kaɗawar iska ne, kuma kowane amon jita tari ne na kaɗawa iri-iri, wasu masu kauri, wasu sirara. In aka haɗa sauti da kwafinsa wanda aka jinkirta, wasu kaɗawar za su zo daidai su ƙarfafa juna, wasu kuwa za su zo a saɓe su kashe juna. Alal misali, in jinkirin ya kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan, sautin da ke kaɗawa sau 500 a sakan zai ɓace, haka mai 1500, da mai 2500, a jere da tazara ɗaya, tamkar haƙoran mataji. To, filanja ba ta barin jinkirin ya tsaya wuri guda. Tana tsawaita shi tana gajarta shi a hankali, galibi tsakanin kashi ɗaya zuwa goma cikin dubu na sakan, sai haƙoran matajin su riƙa tafiya sama da ƙasa. Wannan tafiya ita ce hucin da kunne ke ji.

Abin da ya sa aka iya cusa wannan aiki cikin ɗan akwatin da makaɗi zai taka da ƙafa shi ne wata ƙwayar lantarki da Sangster da Teer suka ƙirƙiro a ɗakin binciken kamfanin Philips a 1969. Aikinta kamar na mutanen da suka yi layi suna miƙa bokitin ruwa hannu da hannu ne in gobara ta tashi: sauti yana shiga ta wannan baki, ana miƙa shi daga mataki zuwa mataki, wani lokaci matakai 1024, kafin ya fita ta wancan, ya makara kaɗan. A tsakiyar shekarun 1970 sai akwatunan suka fito kasuwa. Kamfanin Electro-Harmonix na Amurka ya fitar da Electric Mistress, wadda David Cockerell ya tsara, MXR ya fitar da tasa, A/DA ma haka, sa'an nan a 1980 kamfanin Boss na Japan ya fitar da BF-2, 'yar ƙarama mai launin shunayya.

Fitowarsu ta dace da wani sauyi a kiɗan Ingila. Kiɗan fank na 1976 da 1977 hayaniya ce da gaggawa, jita tana rugugi daga farko har ƙarshe. Waɗanda suka biyo baya, daga wajen 1978 zuwa tsakiyar shekarun 1980, sun juya al'amarin. Sun ba jitar bes ragamar waƙa, suka bar wa jitar gaba amo siriri, mai sanyi da kaifi, ana tsinkar tsirkiya ɗaya-ɗaya ana barin fili a tsakani. Filanja ce ta cika wannan fili. John McGeoch, wanda ya yi kiɗa a ƙungiyar Magazine da Siouxsie and the Banshees, da ta MXR ya yi aiki, har yakan ɗaura ta a sandar makirfo don ya riƙa murɗa ta da hannu yana kiɗa. Faifan Juju na 1981 shi ne babban misalin salonsa. Robert Smith na ƙungiyar The Cure ya shahara da ta Boss, Andy Summers na The Police kuwa da Electric Mistress, wadda amonta mai ƙyalli ya sa mutane da yawa suka ɗauka wata na'ura ce daban.

Wannan ruɗani yana nan har yanzu, kuma shi ne kuskure na farko da mai saye kan yi. Akwai na'urori biyu 'yan uwan filanja. Koras tana amfani da jinkiri mai ɗan tsawo, don haka amonta kamar na jita biyu ne suna kiɗa tare, ba huci. Feza kuwa ba ta jinkirta sauti ta wannan hanya, kuma haƙoran matajinta kaɗan ne, ba su da tazara ɗaya, sai amon ya fi taushi. Filanja mai kyau tana iya kwaikwayon koras in an rage mata ƙarfi, amma koras ba ta iya kwaikwayon filanja. Wanda kuɗinsa na akwati ɗaya ne, wannan ya ishe shi hujja.

Mamurɗan da ke jikin akwatin su ne abin dubawa na biyu. Wanda aka rubuta wa Rate shi ke sa saurin hawa da sauka, Depth ko Width shi ke sa nisan tafiyar, Manual shi ke zaɓen wurin da tafiyar za ta tsaya a kai, cikin kauri ko siranta. Na huɗun, wanda Boss ke kira Res, MXR ke kira Regen, shi ke mayar da wani kaso na sautin ya sake zagayawa, kuma shi ke kawo ƙarar nan ta ƙarfe. Amon bayan-fank yana samuwa ne in an rage sauri ƙwarai, aka sa nisa tsaka-tsaki, aka ƙara na huɗun daidai gwargwado. Saboda haka akwatin da ba ya iya tafiya a hankali, ko wanda ba shi da wannan mamurɗi na huɗu, bai dace da wannan aiki ba, komai arharsa. Electric Mistress tana da wani makunni da ke tsayar da tafiyar cik, amon ya daskare kamar ana buga kuge.

A nan ne maganar ta shafi harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma kalangu da goge suna faɗin take da kirari ne ta hanyar bin hawa da saukar muryar magana. Makaɗin jita da ke son tsirkiyarsa ta yi magana irin wannan, in ya cika wa filanja sauri da nisa, sautin zai riƙa rawa yana kauce wa mazauninsa, mai sauraro ya kasa rarrabe karin sama da na ƙasa, taken ya zama surutu. In kuwa an bar ta tana tafiya a hankali, launin amon kaɗai take sauyawa, karin yana nan daram, ta yi wa jita abin da ƙarfen zobba ke yi wa garaya.

Ba kuwa baƙon abu ba ne haɗa lantarki da kiɗan wannan yanki. Bala Miller da ƙungiyarsa sun rera Hausa da jita a Kaduna tun shekarun 1970, Mamman Sani ya ɗauki kiɗan ogan ɗinsa na lantarki a Yamai a 1978, Mdou Moctar na Nijar kuwa a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa.

Sauran magana ta wuta ce da ƙura. Makaɗin da zai je biki a ƙauyukan Rano da Kibiya, irin su Saji, da janareto zai yi aiki, kuma akwatuna masu ƙwayar miƙa-bokiti suna da shesshekar kansu tun asali, wadda wuta marar tsabta ke ƙara wa ƙarfi har ta fito a lasifika. BF-2 da batir mai bolt 9 take aiki, abin da ya raba ta da wannan matsala. Electric Mistress ta farko batir biyu take ci, an kuma san ta da rage ƙarfin sauti in an taka ta. Tsofaffin akwatunan Amurka masu igiyar wuta an yi su ne don bolt 120, wutar Nijeriya kuwa 230 ce, sai da taransifoma. Na'urorin zamani masu ƙwaƙwalwar kwamfuta sun fi shiru da araha, kuma a cikin hayaniyar biki ba kowane kunne zai bambanta su da tsofaffin ba. Ko wacce aka saya, a sa ta bayan akwatin da ke ƙara wa jita rugugi, don ta sami sauti mai yalwa da za ta taje, a kuma lulluɓe ta da ƙyalle lokacin hunturu, domin ƙura ce ke fara kashe mamurɗan.