Ko Ka San Dalilin da Ya Sa Jirgi Mai Saukar Ungulu Ba Ya Gaggawar Tashi a Gaban Taro?

Mutanen unguwar Gobarau ta Katsina sun saba da jin ƙugin jirage masu saukar ungulu na sojojin sama da ke tashi daga wajen filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa. Abin da ba kowa ke gani ba shi ne binciken da ake yi kafin tashin, wanda ke ƙara tsanani idan za a yi wasan jirage a gaban jama'a. Matuƙi da makanikansa kan zagaya jirgin da takardar jerin abubuwan dubawa. Su ɗebi ɗan mai daga ƙasan tanki su ga ko ruwa ya kwanta, su duba man giya, su bi fukafukan babbar farfela ko akwai tsagewa, su kwance igiyoyin da aka ɗaure su, su cire murafai masu jan ƙyalle. Ƙaramar farfelar wutsiya ma ba a raina ta, domin ita ke hana gangar jirgin juyawa saɓanin babbar. Idan inji ya mutu a sama, ƙwararren matuƙi na iya saukowa da iskar da ke juya farfela; idan kuwa giyar da ke riƙe da farfelar ce ta tarwatse, dabara ta ƙare. Wannan jinkirin da 'yan kallo ke ƙorafi a kansa shi ne garkuwarsu.

Wani zai ce ai jirgin da ƙafarsa ya zo, lafiya lau, me ya kawo sake dubawa? Mahayin da zai yi jahi a ƙofar Sarkin Katsina ranar hawan salla ba ya dogara da ɗaurin majayin da ya yi da asuba, sai ya sake ja. Jirgin da ya yini a fili ya sha girgiza, ya sha hannun masu ɗaukar hoto, kuma rana ta buɗe: iska mai zafi ba ta da kauri, don haka nauyin da ya ɗaga da safe kan iya gagararsa da azahar. Dole a sake lissafin nauyi da mai.

Wani kuma zai ce duk da binciken ana faɗuwa. Gaskiya ne, amma abin da hatsarin ke koyarwa shi ne a faɗaɗa binciken, ya haɗa da filin kansa. A ranar 2 ga Fabrairun 2019 jirgin da ke ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya kife wajen sauka a Kabba, jihar Kogi, bayan ƙurar da farfelarsa ta tayar ta rufe wa matuƙa gani. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. A ƙasa mai rairayi da hunturu irin ta Katsina, yayyafa wa fili ruwa da tsince leda, tabarma da kwano na cikin aikin kare rai.

Sai tazarar 'yan kallo. A Ramstein ta Jamus, a 1988, jiragen wasa sun yi karo, mutum 70 suka mutu, akasarinsu 'yan kallo, abin da ya sa aka tsaurara dokar nisanta wasa daga taro. Farfelar wutsiya idan tana gudu da ƙyar ido ke ganinta. Saboda haka, idan jami'i ya ce a ja da baya, a riƙe yara, a kama hula da mayafi, bin umarninsa shi ne rabon ɗan kallo a cikin binciken.