Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa George Miller, wanda ya shirya fim ɗin Mad Max 2 a shekarar 1981, likita ne a birnin Sidni kafin ya rungumi wannan sana'a? A hamadar da ke kewaye da garin Broken Hill na Ostareliya ya sawwara duniyar da fitina ta rushe hukumominta, har fetur ya zama abin zubar da jini; abin al'ajabi kuwa, wata tankar fetur da 'yan fashi suka halaka wajen binta a fim ɗin, yashi ne fal a cikinta. Daga gwarzon fim ɗin mai baƙar rigar fata, mai ƙarancin kalami, littafin zanen Japan, Hokuto no Ken, ya ari siffar nasa jarumin a 1983.