Idan Soket Ya Ƙi Amsa Sallama

A gidan Bahaushe baƙo ba ya faɗawa ciki kai tsaye. Yakan tsaya a ƙofar zaure ya samu yaro ya ce, "Shiga ka ce ana sallama da maigida." In ya daɗe a tsaye bai ji motsi ba, ba zai ce maigida ya rasu ba. Mai yiwuwa yaron ne ya ga ana buga ƙwallo ya manta da aiken, ko kuwa an ja ƙofar ciki an kulle.

Haka sha'anin soket ɗin zamani yake, wanda ake kunnawa da kashewa daga waya, irin su Tapo da Kasa na kamfanin TP-Link, ko Sonoff, ko tarin masu araha da ke aiki da manhajar Smart Life. Kana kasuwa ka danna waya don kashe hitar ruwa, sai ka ɗauka da soket ɗin ka yi magana. Saƙon nan sai ya fara zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, galibi a wata ƙasa, su ne yaron. Daga can ya biyo ta rautar gidanka, wato zaure, kafin ya isa ga maigida. Ranar da manhaja ta ce soket ba ya kan layi, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya samu matsala, kuma a ganina maigidan ne ya fi ƙarancin laifi.

Sai dai shi ake fara hukuntawa. Rai ya ɓaci, a danne maɓallinsa har ya goge duk abin da ke kansa. Sunan da ka sa masa ya tafi, lokutan kunnawa da ka tsara su ma sun tafi. In kuma daga kamfani matsalar take, to ka ƙara wa kanka aiki, domin yawanci ba za ka iya sake yi masa rajista ba sai kwamfutocinsu sun dawo. Gogewa ita ce ta ƙarshe. Danna maɓallin sau ɗaya da hannu ya isa: in ka ji ƙas, fitila ta kama, lafiyarsa ƙalau.

Sai a koma zaure, inda yawancin rigimar take. Mai amfani da ƙaramar rauta ta layin waya ya fara duba data, don in ta ƙare alamar Wi-Fi tana nan cike, amma ba abin da ke fita. Kashe datar wayarka, ka hau Wi-Fi na gida, ka buɗe kowane shafi, nan take za ka gane. Ɗauke wuta ma yana da nasa sharrin. Da an dawo da ita soket yakan farka cikin daƙiƙoƙi, rauta kuwa sai ta yi minti ɗaya ko biyu tana shiri. Wani soket ɗin ya nema ya rasa, sai ya tsaya cak. Ka jira rauta ta daidaita, ka zare shi ka mayar.

In an canza rauta ko kalmar sirri, soket bai san an yi ba, tsohon sunan yake ta kira. Dabara mai sauƙi ita ce a sa wa sabuwar rautar suna da kalmar sirri irin na tsohuwar, harafi da harafi. A kuma tuna yawancin waɗannan soket ba sa jin zangon Wi-Fi na gigahaz 5, sai na 2.4, alhali sababbin rautoci sukan haɗa biyun da suna ɗaya. Mai son tabbaci ya raba intanet daga wata wayar, da wannan suna da kalmar sirri, a zangon 2.4, bayan ya kashe rautar. Idan soket ya dawo kan layi, an kama mai laifi. Idan kuma manhajar kamfanin tana aiki, Alexa ko Google Home, waɗanda ake ba soket umarni ta hanyarsu, ne kaɗai suka ƙi, haɗin asusun biyu ne ya tsinke, a sake haɗawa.

Wani lokaci kuwa yaron ne, kuma nan ba ka da abin yi sai haƙuri. A ranar 20 ga Oktoba, 2025, cibiyar Amazon Web Services da ke arewacin jihar Bajiniya a Amurka ta samu tangarɗa na sa'o'i, Alexa da kyamarorin Ring suka rikice wa mutanen da rautocinsu ke lafiya lau. Wannan mai sauƙi ne, tunda yaron ya dawo. A watan Afrilu na 2022 kamfanin Insteon ya kashe kwamfutocinsa ba ko sallama, sai daga baya wasu daga cikin masu amfani da kayansa suka saye shi suka farfaɗo da shi. Kamfanin Belkin shi ya ba da sanarwa: a Yulin 2025 ya ce daga 31 ga Janairu, 2026, zai janye daga yawancin kayansa na Wemo. Soket ne garau, ba ƙuna ba tsagewa, amma mai kai masa saƙo ya bar gari.

Shi ya sa nake ganin ba wayo ba ne a jingina abu mai haɗari, kamar hita ko dutsen guga, ga saƙon da sai ya tsallaka teku ya dawo. Akwai soket masu karɓar umarni kai tsaye muddin wayarka tana kan Wi-Fi na gida. Kasa da Sonoff suna da irinsu, haka ma masu ɗauke da alamar Matter, tsarin da aka fito da shi a 2022 don kayan kamfanoni dabam-dabam su fahimci juna a cikin gida. Kafin ka miƙa kuɗi, ka tambayi mai shago ko soket ɗin yana amsa waya idan intanet ta ɗauke, ka kuma duba kwalin da idonka.